Numfashin Aro

Aro na fita nema da magaribar nan, ba wani abu ba. Ɗan guntun waya ne da bai kai kamu ɗaya ba, mai kumburarren kai gaba da baya, shi ya sa mu mazauna tirela, wato ɗakin kwana mai taya da ake ja da mota, muke ce masa ƙashin kare. Wayar wutar tirelarmu bakinta babba ne, na turken wuta mai ƙarfin talatin. In ka sauka a tsohon sansani inda turakun ba su da komai sai ƙaramin soket irin na cikin gida, mai ƙarfin sha biyar, to in ba ka da ƙashin kare sai dai ka tsaya kana kallon wuta tana kallonka.

Namu kuwa Hollis, mijina, ya baro shi maƙale a jikin turke can Nebraska tun da safe. Shi ya ce ni na baro. Mun tsufa muna wannan musu, a kan makulli, a kan tabarau, a kan murfin tukunya, kuma ban taɓa ganin ranar da ya ce shi ne ba.

"Ke ce ƙarshen naɗe waya, Verlene," in ji shi daga kan gado.

"Kai ne mai cewa kar in taɓa maka kayan wuta."

"To ai kin taɓa, ga sakamakon nan."

Ya so ya yi dariya, tari ya ƙwace masa ita.

Ƙurar hatsi ce ta cinye wa Hollis huhu. Rabin rayuwarsa a rumbunan alkama na yammacin Kansas ya yi ta. Da ya bar aiki muka sayar da gida muka sayi tirelar, ɗaki guda mai gado da murhu da ɗan makewayi, muna jan ta da a-kori-kura, in sanyi ya taso mu bi rana zuwa kudu. Da rana a mota ƙananan tukwanen iska yake shaƙa. Da dare kuwa sai injin numfashi, wanda batirin tirela ba ya iya ɗauka, sai wutar turke. Ranar iska mai ƙarfi ta hana mu gudu a hanya, ya shanye tukwanen, saura guda, ita ma allurarta ta kusa ja. Ba za ta kai mu asuba ba. Gari da nisa, ni kuma idona ba ya ganin titi sosai in duhu ya yi, balle ina jan ɗaki a baya. Lissafin a fili yake: ko wuta ta shiga injin nan, ko in kwana ina kallon mijina yana shaƙewa.

Sansanin na bakin wani tafki ne, lokacin masu kamun kifi ya wuce, ɗakin mai gadi a kulle. Ban ma kwance tirelar daga jikin mota ba, tun da kwana ɗaya za mu yi. Na zuba kayan akwatin waya a ƙasa na tattara har na gaji, babu. Da na ɗaga kai sai na hangi wata 'yar fitila can ƙarshen layi, ƙarƙashin itatuwa.

"Akwai maƙwabta," na ce. "Bari in je in roƙa."

"Ki yi fara'a," in ji Hollis. "In kin tuna yadda ake yi."

Na ja rigar sanyi na kama hanya. Rana ta faɗi, sai ɗan ja-ja a kan ruwa. Tafkin ya janye, warin laka da mataccen kifi ya cika wurin. Tsakuwa na ƙara ƙarƙashin takalmina, gyare na kuka ta ko'ina. Na wuce turaku a jere, kowanne da lambarsa ta goge. Wajen rabin hanya gyaren suka yi shiru gaba ɗaya, kamar an rufe musu ƙofa.

Tirelar irin ta da ce, mai zagayayyen jiki na farin ƙarfe. Tayoyinta sun sace sun nutse cikin ƙasa, ciyawa ta fito ta tsakaninsu. Babu motar ja a kusa. Duk na gani, ba zan ce ban gani ba. Amma mai nema ba ya son ganin abin da zai hana shi nema.

A wajenmu ba a buga ƙofar tirela. Tsayawa ake yi daga ɗan nesa a yi magana.

"Gafara dai, masu gida."

Ban ji takun kowa ba. Sai ga mutum a bayan ƙofar raga, dogon tsoho cikin rigar aiki mai maɗauri irin ta manoman da. Fitilar bayansa ta yi rauni, kamar ta kusa mutuwa, don haka fuskarsa a duhu take.

"Ƙashin kare kike nema," ya ce a hankali.

"Ya aka yi ka sani?"

"Duk wanda ya sauka nan shi yake nema. Wa ke cikin taku?"

"Maigidana. Ba shi da lafiya, injin numfashinsa ne ke son wuta."

"Amma yana numfashi da kansa?"

"Yana yi. Da kyar dai."

"To, ai ya isa."

Daga can cikin tirelar na ji an ja numfashi, dogo, mai kakari, kamar zarto a ɗanyen icce. Sai shiru. Na tsaya ina jiran na biyu, har na fara jin nauyi a ƙirjina, bai zo ba.

"Matata ce," in ji shi. "Ta daɗe a kwance."

Tausayi ya kama ni, na gaske. Mai jinya shi ya san mai jinya.

"Sannu da ƙoƙari, bawan Allah."

"Ke ma sannu."

Ya tura ƙofar raga kaɗan ya miƙo hannu. Ƙashin karen tsoho ne, baƙi, an nannaɗe tsakiyarsa da tef. Yana da laima, kuma yana da ɗumi kamar an ciro shi daga hammata. Warin ƙonanniyar roba da man zafi ya bugi hancina. Sanyi ya sauko har bakina na fitar da tururi in na yi magana. Nasa bakin ba ya fitar da komai.

"Da safe zan dawo maka da shi."

"Babu sauri," ya ce.

Na juyo da sauri-sauri, ban waiwaya ba.

Ƙaramin soket kamar jaki ne, in ka ɗora masa kayan raƙumi zai durƙushe. Sai da na shiga na kashe hita, na kashe tukunyar ruwan zafi, na mai da firij kan gas, don injin ya samu wutar shi kaɗai. Sannan na fita wurin turke. Tun ranar da muka sayi tirela Hollis ya sa na haddace abu uku: kashe, soka, kunna. Ka danna makunnin turke ƙasa, ka soka waya, sannan ka ɗaga makunni. Ba a taɓa soka waya a turke mai rai.

Na ɗaga murfin. Yanar gizo ce cike, da gidan zanzaro a kusurwa. Na danna makunnin ƙasa. Na haɗa bakin wayarmu da ƙashin karen, na soka ɗaya kan a soket. Hannuna bai kai ga komawa kan makunnin ba na ji injin ya yi ƙara a ciki ya fara gunjinsa. Daɗi ya rufe ni. Na saki murfin na ruga.

Na cire wa Hollis robar tukunya na sa masa ta injin a hanci.

"Wa ya ba ki?"

"Wani tsoho can ƙarshe. Shi ma matarsa ba lafiya."

"Kin dai yi godiya? Na san halinki."

"Yi numfashinka ka bar ni, tsoho."

Na buɗe gwangwanin wake na juye a tukunya, na kunna murhu. Ina juyawa na lura harshen wutar ya karkata gefe guda, wajen bango. Na duba tagogi, duk a rufe. Na gyara zaman tukunyar. Harshen ya sake kwantawa.

Sai na ji shiru a bayana. Hollis ba ya shiru in ana girki, kullum yana da abin cewa game da gishiri.

"Tsoho?"

"Barci... nake ji."

Na juya. Leɓɓansa sun yi shuɗi-shuɗi. Idanunsa a buɗe rabi, suna kallon rufi. Injin na gunji lafiya lau, koriyar fitilarsa a kunne.

Duk mai jinyar irin wannan ciwo ya san yadda ake gwada iska. Ka jiƙa leɓe, ka kara bakin robar, za ka ji ɗan sanyi na busowa. Na zare robar daga hancinsa na kara a leɓena.

Ba ta busawa.

Tsotsa take yi. Ta kama fatar leɓena ta manne, sai da na fizge ta.

Na jefar da ita, na jawo tukunyar ƙarshe na murɗa na sa masa. Na kashe murhu. Na danna makashin injin. Bai mutu ba. Na zare wayarsa daga bango, gunjin ya tsaya, na ce to, an gama.

Ba a gama ba. Ƙirjin Hollis na sauka fiye da yadda yake tashi. Labulen taga ya manne da bango, daidai inda wayar waje ke shigowa. Wata takardar goge hannu ta zame a kan tebur, a hankali, ta nufi can ita ma. Ni kaina na ji iska ta yi mini kaɗan, kamar na hau tudu.

Na leƙa ta taga.

Tirelar ƙarshen layi ta haskaka. Kowace taga fara fat, har hasken na kwanciya a kan ruwa.

Cikin shirun nan na ji tari daga can, mai ƙarfi. Sai numfashi, ɗaya bayan ɗaya, babu tsayawa. A ƙarshen kowanne akwai ɗan fito siriri. Na san fiton nan. Shekaru nake kwana kusa da shi, in ya tsaya ni ma farkawa nake yi.

Na sunkuya na kara kunne a bakin Hollis.

Babu fito.

Tsoro irin na ranar ban taɓa ji ba. Na ɗauki tocila na fita.

Na ɗaga murfin turken don in kashe.

Makunnin a ƙasa yake. Inda na bar shi. Ban taɓa kunna shi ba.

Na haska bayan turken. Babbar wayar da ke kawo masa wuta a yanke take, tana lilo, bakinta ya yi koren tsatsa. Wata baƙar waya ce ta fito daga gindinsa ta shige ciyawa, ta miƙe sak zuwa ƙarshen layi.

Na kama ƙashin karen da hannu biyu.

Yana kumbura yana sacewa. Kamar maƙogwaro.

Na ja. Bai motsa ba. Na sa ƙafa a jikin turke na ja har kafaɗata ta yi ƙara. Kamar an dasa shi.

Tsakuwa ta yi ƙara a bayana.

Warin man zafi.

"Ki ɗan bari, baiwar Allah," in ji tsohon cikin raɗa. "Kaɗan ya rage ta iya tashi zaune."

Ban juya ba.

"Mijina ne," na ce.

"Na sani. Ita ma matata ce."

Na saki na zagaya tirelar da gudu. Wayarmu tana ciruwa ta ɗaya kan ma, a jikin tirela, inda ake murɗa ta a ɗaure da zoben roba. Na durƙusa, tocila a baki. Na kama zoben.

Ya cije. Cikin gaggawa ɗazu na ɗaura shi a karkace.

Takun na tahowa. Ba sauri yake ba. Wayar yake bi.

Yatsuna sun ƙage don sanyi, suna zamewa. Na naɗe zoben da bakin rigata na murɗa. Ta bangon ƙarfen ina jin Hollis. Ja ɗaya, gajere. Shiru.

Hasken tocila ya faɗa kan takalma biyu, kusa da gwiwata. A jiƙe suke sharkaf, laka na ɗiga.

Ban ɗaga kai ba. Na san in na ɗaga shi ke nan.

"Ya Ubangiji," na ce ta gefen tocilar, na zuba duk ƙarfina.

Zoben ya yi ƙas. Ya juya. Na murɗa kan wayar na fizge.

Ta faɗi a tsakuwa tana huci.

Hasken ƙarshen layi ya ɗauke gaba ɗaya. Daga can cikin duhu wata mace ta saki numfashi, dogo, dogo, har ya ƙare. Ba na azaba ba ne. Irin wanda mutum ke saki in an sauke masa kaya daga ka.

Muryar tsohon ta zo daidai kunnena. Babu fushi a cikinta, da ma fushin ne da ya fi mini sauƙi.

"Da ke ce, da haka za ki yi."

Ban san yadda na miƙe ba. Na leƙa ƙofa, na ga ƙirjin Hollis ya ɗaga. Na banko ta, na faɗa mota, na murza makulli. Matakalar tirela ko naɗe ta ban yi ba, tana jan ƙasa tana tartsatsi. Ba a jan tirela da mutum a ciki, doka ma ta hana, amma ranar ko a jikina.

Sau ɗaya na kalli madubi. A jan hasken fitilun baya na ga dogon mutum ya sunkuya ya ɗauki wayarmu, yana naɗe ta a gwiwar hannu, a tsanake, yadda kowannenmu ke yi da safe in zai tashi.

Tafiyar nan ba zan so wa maƙiyina ita ba. Ga duhu, ga idon da ba ya gani, ga miji a ɗaki a baya, ban san ko da rai nake jan sa ko gawa ba. In na tsaya in duba, tukunyar na ƙarewa. In na ci gaba, wataƙila yana can yana kirana ba na ji. Na riƙe sitiyari ina bin farin layin gefen titi, ina kiran sunansa kamar zai amsa.

Da na ga fitilun gidan mai a wata mararraba na tsaya a tsakiyar fili, na fito na kama hannun ƙofar tirela. Na daɗe riƙe da shi kafin in iya buɗewa.

Yana kwance a karkace, robar na hancinsa, allurar tukunya ta kwanta a ja. Idonsa ya motsa.

"Verlene," ya ce, da kyar. "Wakenki... ya zube."

Na zauna a cikin waken na yi ta kuka. Matar da ke tsaron gidan man ce ta jawo wayar wuta daga shago, muka sa masa injin, ya busa iska yadda ya kamata. Ita ta kira motar asibiti.

Hollis ya rayu. Amma abin da aka ja daga ƙirjinsa bai dawo ba. Likita ya ɗora sabon hoton huhunsa kusa da na bazara, ya yi ta kallo, ya tambaye ni ko gobara muka shiga. Na ce a'a, ban ƙara komai ba. Mun bar hanya. Tirelar na ajiye a bayan gidan 'yarmu a Texas, ta samu turkenta na kanta, wanda na tsaya a kan mai gyara har ya gama haɗawa. Hollis ba ya iya kai magana ƙarshe da numfashi ɗaya yanzu. Musun ma ya rage, ni kuma shi na fi kewa.

Bai taɓa tayar da zancen daren ba sai wata yamma da nake yanke masa farce. Ya ce lokacin da nake waje, shi ba a gadonmu yake ba. A wani ɗan ɗaki yake mai warin laka, kwance kusa da wata tsohuwa da ta bushe kamar kara, tana kallonsa.

"Ta yi maka magana?"

"Haƙuri... ta ba ni." Ya huta. "Ta ce ta gaji. Tun tuni... take son tafiya. Shi ne... ya ƙi."

Na ci gaba da yankan farcen. Ya juya tafinsa ya riƙe nawa.

"In lokacina ya yi... kar ki je ƙofar kowa. Kin ji?"

"Na ji."

"Ba ji ba. Alkawari."

Na ce na yi alkawari. Ya lumshe ido, hankalinsa ya kwanta, har barci ya ɗauke shi. Ni kuwa na zauna ina sauraron ƙirjinsa na tashi da kyar yana sauka, kuma har yau ban sani ba ko gaskiya na faɗa masa.